Adda Kadijatu Mai Kwalba Biyu

Duk wanda ya zauna a unguwar Sarkin Dawaki a shekarun da Jalingo ta zama babban birnin jiha, in bai san Adda Kadijatu da ido ba, to hancinsa ya san ta. Warin tukunyarta kan fito ta zaure, ya bi lungu, ya tsallaka titi, ya je har kasuwa ya gai da mahauta. Da idona na ga akuya ta leƙa gidan, ta shaƙa sau ɗaya, ta fita da baya-baya, ba ta ƙara bin layin ba har ranar da aka yanka ta.

Taubashiyata ce. Babanta da innata ciki ɗaya suka fito, ita 'yar namiji, ni 'yar mace, don haka tun muna wasan ƙasa take kirana baiwarta. Ni kuwa Gajeriya nake ce mata, domin in ta tsaya a bayan turmi sai an zagaya kafin a gan ta. Shekara huɗu ta girme ni, amma sai ina neman wani abu a hannunta nake tuna in ce Adda. Ni ce Mufida, wadda aka sa a boko, na yi aji biyu a sakandare na gudu. Ita ko ƙofar aji ba ta taɓa leƙawa ba. Makarantarta bayan kakarmu ce, wadda ke jan ta gindin duwatsun Kona da bakin kogin Lamurde haƙar saiwa, ni ina gida ina cinye musu ɗumame.

Sana'arta maganin sanyi na mata, irin wanda mace ke ɗauka a shimfiɗar aure: zafin fitsari, ruwa mai wari, ciwon mara da ke sa mace tafiya a duƙe kamar wadda allurarta ta faɗi. Amma abin da ita kanta ta nema a duniya guda ɗaya ne, ban kuwa taɓa jin ta ambace shi da baki ba. Ɗa take so. An ɗaura mata aure da Hambali direba a 1985, ta yi ɓari sau ɗaya a shekarar farko, daga nan shiru. In ana suna a unguwa ita ce farkon zuwa, ita ke dafa ruwan wankan mai jego, ita ke karɓar jariri, kuma kafin a raba ta da shi sai uwar ta yi kamar za ta kira 'yan sanda. Nakan ce, “Gajeriya, ba su ɗansu, tsawonku ɗaya, kada liman ya rasa wanda zai raɗa wa suna.” Sai ta yi dariya ta miƙa shi, amma hannuwan nata kan daɗe a buɗe bayan an ɗauke yaron.

Ciwon nan ba a kiran sunansa a gidan Adda. Matan garinmu, Fulani ne ko Hausawa, Mumuye ko Jukun, gara su ce maciji ya sare su da su faɗi abin da ke damunsu a ƙasan cibiya. Saboda haka aka samo hanya. Mace takan ɗauko kwano, ta rufe shi da faifai, ta riƙo shi a tafin hannu kamar ta kawo wa maƙwabciya tuwo. Ba komai a ciki. In ta yi sallama, aka gaisa, aka tambayi yara da zafin gari, sai Adda ta karɓi kwanon ta shige ɗaki. Ta fito da shi a rufe yadda ya zo, sai dai ya yi nauyi. Kwalba biyu ne kwance a ciki, ruwan saiwar tafashiya da saiwar sanya da ɓawon maɗaci da wasu abubuwan da ko ni ba ta yarda na gani ba, ga ƙullin bagaruwa na zama a ruwan ɗumi.

“Wannan taki. Wannan ta maigida. Kada ki kuskura ki ce masa na sanyi ne. Ki ce na ƙarfin baya ne, daga Kamaru aka kawo.”

Dabarar kwalba ta biyu ba ta Kaka ba ce, Adda ce ta gano ta da kanta. Ta lura mace takan ji sauƙi, maigida na dawowa daga tafiya sai ga kwanon ya sake dawowa. Ta ce ashe aikin banza ake yi in ba a haɗa da gogan ba. Maza kuwa da sun ji ƙarfin baya sai su kafa kai. Abu ne mai ɗacin da in aka ɗiga wa kada sai ya fito tudu ya nemi gafara, amma mazan Jalingo na shanyewa su buga gindin kwalbar a tafin hannu ko da saura. Har aike suke yi a ƙaro.

Da aka ba mu jiha a 1991, gari ya cika dam. Ma'aikata suka kwararo daga Yola, wasu sun baro iyali a can, ga 'yan kwangila, ga direbobi, ga gidajen saukar baƙi suna tsirowa kamar ciyawar farkon damina. Kwanuka suka yi yawa a layin Adda har wani malamin makaranta da ya kama haya kusa ya ce bai taɓa ganin unguwa mai zumunci irin tamu ba, kullum mata cikin kai wa juna abinci.

A lokacin ne ta ƙara wani abu da ba ta gada ba. Saiwar Kaka nawa gare ta, mata kuwa sauƙi suke so yau-yau. Akwai wani mai tebur a kasuwa da ke sayar da kafso mai ja da rawaya, a ƙirga maka kamar alewa. Adda ta riƙa fasa guda biyu a kowace kwalba ta girgiza. Kwana biyu sai zafi ya kwanta. Sunanta ya kai Lau, ya kai Mutum Biyu. Ni kaɗai na san sirrin, don ni ke karanta mata kwalin. Turancina kan ƙare a layi na biyu, sauran in ƙarasa mata daga kaina: yana kashe sanyi, yana kashe zafi, yana ƙara wa gajere tsawo. Sai ta jefe ni da muciya.

Wani sirrin kuma ba ta gaya mini ba, ni na gano. Akwai 'yar tukunyar da take ɗorawa daban a bayan ɗaki, kwana biyar ko shida bayan Hambali ya dawo daga doguwar tafiya. Sai in ga tana tashi daga kujera dafe da mara, tana cewa tsufa ne, ita da ba ta cika talatin ba. Shekara da shekaru tana shan nata, tana ba Hambali nasa da sunan ƙarfin baya, yana sha yana sa mata albarka. Ciwo ya kwanta, ya tashi, ya kwanta. Ban taɓa tsokanarta a kan wannan ba. Abu ɗaya ke nan da bakina ya bari.

Ana tsakiyar daminar 1994, ina zaune ina tsinke wa Adda zogale, sai ga wata baƙuwa ta yi sallama da kwano a rufe. Doguwa ce, baƙa, da ƙananan kitso. Sunanta Alice, 'yar Mumuye, sabuwar haya suka kama ita da mijinta Simeon a layin baya. Daddawa ta zo saye, an yi mata kwatancen gidan da ke gaba, ta ɓata ƙofa. Mu ba mu sani ba. Ta buɗe baki za ta yi magana, Adda ta ɗaga mata hannu.

“Ba sai kin faɗa ba, ƙanwata. A gidan nan ba a faɗa.”

Ta shiga, ta fito, ta ɗora mata kwano a hannu, ta raɗa mata zancen maigida da ƙarfin baya da Kamaru, ta ce kada ta buɗe sai ta isa ɗaki. Baiwar Allah ta tafi tana waige.

Washegari da hantsi ta dawo. Wannan karon farar riga ce a jikinta fat, da 'yar hula a ka kamar jirgin takarda, da agogo maƙale a ƙirji. Ashe nas ce. Kwalaben biyu na hannunta a fili, ba kwano ba faifai, duk layi na kallo. Na ce, “Gajeriya, yau asibiti da kansa ya zo neman ƙari.”

“Wa ya gaya miki ni yana da ciwo?” in ji Alice. Hausarta irin ta kasuwar Jalingo ce, mace da namiji duk tafiyarsu ɗaya. “Daddawa na zo saya, kin ba ni wannan. Simeon ya ji an ce na ƙarfin baya, da ƙyar na ƙwace a bakinsa.”

Na yi dariya har na faɗo daga kujera. Adda ta rufe fuska da gyale tana ba da haƙuri da Hausa da Fulatanci a haɗe. Alice ma ta kasa riƙe fushin, ta zauna a tabarma. Amma ba ta ajiye kwalbar ba. Ta ɗaga ta wajen rana, ta nuna wani gari rawaya da ya kwanta a gindi.

“Mama, wannan ba saiwa ba ne. Na san warinsa. Guda nawa kina sa?”

Adda ta harare ni kamar ni na sayar da ita. Can ta ce, “Biyu.”

“Kwalba na maigida, nan kin yi hankali. Ko a asibiti haka muke so, miji da mata tare. Amma ciwon nan abu ne mai rai. Kafso biyu ba ya kashe shi, saiwa ma ban ga ya kashe ba. Yana sa shi ya yi shiru ne kawai. Mace ya ji sauƙi, ya ce na warke. Shi kuma ciwo yana hawa sama a hankali, ya je ya toshe hanyar haihuwa. Kullum muna ganinsu. Shekara biyar, shekara goma, ba ciki.”

Adda na tsaye a kan tukunya da muciya a hannu. Tukunya ta tafasa, ta yi ambaliya, ta kashe wutar murhu, tana kallo ba ta motsa ba. Sai da hayaƙi ya cika tsakar gida sannan ta yi magana, ba tare da ta juyo ba.

“Akwai wata mata da na sani. Shekararta tara.”

“Ki kawo matan nan,” in ji Alice, muryarta ta sauka. “Da mijinsa. In miji bai zo ba, kada ya wahalar da kansa.”

Wata huɗu ana abu ɗaya. Wahalar biyu ce. Ta farko, ta yaya mai maganin sanyin Jalingo kaf za ta je ta zauna a bencin asibiti, a tsakiyar matan da suka sha kwalbarta? Ta biyun ta fi nauyi. Adda tarbiyyar Kaka ce, ko sunan Hambali ba ta faɗa, “shi” take cewa, ko “mai motar”. Macen da ba ta iya kiran sunan miji, ina za ta iya duban idonsa ta ce ka kwaso mini ciwo a hanya? Sau uku tana shirya maganar, ta kai masa ruwan wanka, ta tsaya, ta buɗe baki, sai ta ce, “Ruwan zai huce.”

Ta rame har ɗan abin da ke gare ta ya kusa ƙarewa. Ran nan ta zo gidana, ina da cikin wata biyar na haihuwata ta huɗu, ta zauna a bakin gado tana murza gefen zane.

“Baiwata.”

“Na'am, uwar ɗakin ƙarya.”

“Ke bakinki ba shi da ƙofa.”

“Yau kika sani?”

“Ki ara mini shi.”

A wajenmu abin da mata ba ta iya gaya wa miji, da abin da ƙane ba ya iya gaya wa wa, abokin wasa na iya faɗarsa a tsakiyar kasuwa, a yi dariya, ba mai riƙe shi a zuci. Mijin taubashiyarki ma abokin wasanki ne. Tun da nake ina cin gatan nan a banza, sai ranar aka ba ni aiki da shi.

Na sami Hambali a tasha ana yi masa lodin doya, yana zaune a inuwar motar yana shan rake. Mutum ne mai faɗi, in ya yi dariya har tayoyi sai sun girgiza.

“A'a, ga baiwar gidana! Me aka aiko ki da shi, ko cikin ne ya fito da ke neman tsire?”

“Angon kowace tasha! Zo nan, saƙon ba na gaban yara ba ne.”

'Yan lodi suka kwashe da dariya. Na ja shi bayan motar inda ba mai ji.

“Tsarabar da kake kawo wa Gajeriya ta isa haka. Kifin Lau mun gode, shinkafar Mutum Biyu mun gode. Ɗayar tsarabar, wadda ke sa ka cije leɓe in ka tsuguna fitsari, ita ce ba ma so.”

Raken ya tsaya a bakinsa.

“Mufida, wasan nan ya yi nisa.”

“Shekara tara ya yi yana tafiya, dole ya yi nisa. Kana tsammanin kwalbar da kake sha ta ƙarfin baya ce? Bayan naka da ko buhun dusa ba ya ɗauka? Maganin sanyi kake sha, Hambali, kai da rabin mazan tashar nan. Kuma bai kashe shi ba. Nas ta ce shi ke hana haihuwa.”

Na zaci zai tashi da faɗa, har na gyara ɗaurin zane don gudu da cikina. Sai ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Ya daɗe yana kallon ɓawon rake a ƙasa.

“Ta sani? Tun yaushe?”

“Tun kafin kai ka sani.”

“Ba ta taɓa ce mini uffan ba. Ni kuwa nakan sayi kafso a hanya in sha, in ya lafa in ce shi ke nan.” Ya cire hula ya share fuska. “Duk ɗan da ta ɗauka a gidan suna ina gani, Mufida. Na zaci daga Allah ne kawai.”

“Daga Allah ne, amma a motarka ya zo.”

Ranar bai yi tafiyar ba, wani direban ya ba lodin.

Alice ce ta shirya sauran. Ranar awon cikina Adda ta rako ni riƙe da jakata, duk wadda ta gan mu ta ce taubashiyarta ta rako. Hambali ya biyo baya da doya uku a kafaɗa, wai saƙo ya kawo wa nas. Aka gwada su, aka yi musu allura, aka ba su ƙwayoyin da Alice ta ce ko sun ji sun warke sai sun shanye tas. Ƙaton nan da ke danne bijimi shi kaɗai, da ya ga allura sai da masinjoji uku suka riƙe shi. An ji ihunsa a Kona.

Ciwon ya tafi, tafiyar da bai dawo ba. Adda ta miƙe, ta yi kumatu, ta daina dafe mara. Sai ta fara jira. Na haifi Hamna a farkon 1995, ita ta yi mini wankan jego, tana fyaɗa mini ganye da ruwan zafi tana cewa, “Yi sauri ki warke, saura ni, ke za ki dafa mini.” Duk watan da jini ya makara mata da kwana biyu, sai ta zo gidana tana takawa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Ba ta cewa komai, ni ma ba na tambaya. Bayan kwana uku in ga ta koma tafiyarta ta da, da sauri, tana faɗa da kaji.

Shekara ɗaya da rabi a haka. Alice ta ce su je Yola a ɗauki hoton mahaifa. Suka tafi, suka kwana biyu. Da suka dawo ta zo da takarda a ninke cikin gefen zane, ta miƙo mini.

“Karanta mini.”

“Likita bai yi miki bayani ba?”

“Ya yi. Ke nake so ki karanta. Ke kina ƙarawa.”

Na duba. Rubutun likita ne kamar kaza ta yi tonon ƙasa, amma kalmar toshewa na gane ta, na kuma gane an rubuta hanyoyin duka biyu. Na nemi abin da zan ƙara, na rasa. Na ce, “Adda, Turancin nan ya fi ƙarfina.” Ta karɓi takardar ta ninke, ta ce, “Ashe akwai ranar da za ki ce mini Adda ba ki roƙi komai ba.” Sannan ta kwantar da kai a cinyata. Hamna ta tako da tafiyarta ta 'yan koyo, ta kama mata ɗan kunne tana ja, ba ta hana ta ba.

Tun ranar da Alice ta ɗaga kwalba a rana Adda ba ta sake fasa kafso ba. Bayan Yola kuwa sai ta juya aikin gaba ɗaya. In kwano ya zo takan karɓa, ta sa ƙullin bagaruwa don rage raɗaɗi, a sama ta ɗora 'yar takarda da ni na rubuta, sunan Alice da ranakun da take aiki. Kuma ta karya dokar gidanta da kanta, ta fara faɗa. Takan zaunar da amarya ta ce, “Dube ni da kyau. Shekara goma sha ɗaya, ɗakina bai san kukan jariri ba. Nawa na sha, bai hana ba. Ja mijinki ku tafi asibiti tare. In ba ki iya gaya masa, nemo abokiyar wasanki. In ba ki da ita ga tawa, aro nake ba da ita.” Haka na zama abin tsoro a tasha da sakatariya. Magidanta na hango ni sai su tsallaka titi, wani ma gini ya haura.

Kwanuka suka ragu. Wasu matan suka koma wajen mai tebur, wasu suka ce asibiti ya saye ta. Wasu kuwa suka je, har da wadda ta haifi tagwaye daga baya. Abin da ke cin Adda shi ne waɗanda suka sha kwalbarta a shekarun baya. Takan jera sunayensu tana tsinkar ganye, wance ta haihu, wance ta haihu, wance shiru. In ta zo kan mai shiru sai ta ajiye ganyen, ta yafa gyale, ta tafi gidan.

Hamna ta isa yaye a farkon 1997. Mu ba ma yaye yaro a gaban uwarsa, kai shi ake gidan kaka ko gwaggo ya yi mako guda ya manta nono. Innata na nan da ranta, ita ta yaye mini sauran ukun. Wannan karon na ce wa mijina Manga, mai gyaran rediyo, gidan Gajeriya za a kai ta. Ya ajiye abin da yake kwancewa ya dube ni.

“Mako ɗaya?”

“Kai dai ka kai ta.”

Sai ya ce, “To haɗa mata kayan duka, har da na salla.”

Kwana bakwai ban taka layin ba. Ƙirjina ya cika ya yi tauri kamar dutse, ina matsewa ina kuka ina zagin Gajeriya. Ran na takwas da safe sai ga ta da yarinya a goye, ƙafafun Hamna na neman jan ƙasa. An yi mata kitso, an rambaɗa mata kwalli. Adda ta kwance goyo a tsakar gida, ta ajiye ƙullin kaya, ba ta dube ni ba.

“Ga 'yarki. Ta daina neman nono tun ran Laraba. Tana son kunun gyaɗa, amma kada a hura mata, ita ke hura abinta.”

Ina tankaɗe. Ban ɗago ba.

“Wace 'ya? Manga, ka san wannan yarinyar?”

Daga zaure ya ce, “Ban taɓa ganinta ba.”

“Mu 'ya'yanmu dogaye ne. Wannan guntuwar da gani jinin gidanku ce. Kwashi abarki, kada ta cinye mana tuwo.”

“Mufida, ba na son wasa da wannan.” Rabon da ta kira ni da sunana na yanka har na manta.

“Wa ke wasa? An gaya wa Inna, an gaya wa Kawu. Tafi kafin in sake shawara, ƙirjina ciwo yake.”

Ta tsaya kamar an dasa ta. Hamna ce ta raba gardamar, ta kama zanen Adda tana ja, tana ɗaga hannu a goya ta. Adda ta duƙa, dama ba ta da nisa da ƙasa, ta ɗora ta a baya. Ta kasa ɗaure majanyi, sai da na tashi na ɗaure mata. Ba ta yi godiya ba. Da ta yi, da na mare ta.

A 1998 Hambali ya bar doguwar hanya, ya kama noman shinkafa a Mutum Biyu, suka tashi su uku. Ban zaci tashin zai dame ni ba. Sai ga ni ina soya tsokana tun safe, in yafa gyale, in kai bakin ƙofa, sannan in tuna ba gidan da zan kai ta.

Bayan ƙaramar sallar bana na je. Na saya wa Hamna takalmi ja a kasuwar Jalingo, na auna da idon da na san ta da shi, ko yatsun ba su shiga ba. Da na yi sallama ta leƙo, ta kalle ni daga sama har ƙasa, ta ruga ciki tana kira, “Dada! Dada! An yi baƙuwa!” Haka yaran Fulani ke kiran uwa.

Kwana uku na yi, na kuma lura da wani abu. Gajeriya ba ta amsa kiran farko. Tana ji sarai, tana nan zaune tana gyaran shinkafa, amma sai yarinyar ta kira sau biyu, sau uku, har ta fara buga ƙafa, sannan ta ce na'am.

Na ce, “Ke kuma kurumta ce ta kama ki a ƙauye?”

Ba ta ɗago daga faifan ba. Ta ce, “Ƙyale ni. Ban ƙoshi ba.”

A mota ina rungume da takalman a cinya, na yi ta maimaita kiran a raina da muryar yarinyar har muka shigo Jalingo. Ni ko sau ɗaya ne da ya ishe ni.